Yadda Ake Gano Matsala da Gyara Ta a Zanen da Ake Maimaita Amfani da Shi a Manhajojin CAD

A aikin zana kayan injina da kwamfuta, wato CAD, akwai siffofin da suke dawowa kusan a kowane samfuri, kamar tsagar da noti ke zamewa a cikinta, da ramuka huɗu na ɗaure injin lantarki, da gurbin makulli a jikin sandar juyi. Saboda haka manyan manhajoji suka tanadi hanyar adana irin wannan siffa sau ɗaya, a riƙa ɗauko ta duk lokacin da ake buƙata. A SolidWorks ana kiran ta Library Feature, fayil ɗinta yana ƙarewa da .sldlfp, akwai kuma Sketch Block na zane zalla. A Autodesk Inventor sunanta iFeature mai fayil .ide, a CATIA akwai PowerCopy, a Creo da NX akwai UDF, a FreeCAD kuwa ana yin makamancin haka da Carbon Copy da SubShapeBinder. Tunanin ba sabo ba ne, domin tun 1963 manhajar Sketchpad da Ivan Sutherland ya ƙirƙira a MIT take da zane na asali da kwafe-kwafensa waɗanda suke canzawa idan an canza shi.

Siffar da aka adana tana ɗauke da abubuwa biyu: surarta, wato layuka da awon da suka sa ta zama abin da take, da kuma madogararta, wato fuska ko gefe ko ɗigon da ta jingina da shi a samfurin da aka fara zana ta. Idan aka kai ta sabon samfuri, surar tana bin ta, amma madogarar tana zama a baya, dole sai an ba ta wata. Mafi yawan matsalolin da ake gani daga nan suke tasowa, kuma jerin binciken da ke tafe an tsara shi ne don a gane wanne daga cikin biyun ya lalace kafin a fara gyara.

Mataki na farko: a tsaya a karanta kuskuren

Kafin a goge ko a matsar da komai, a adana kwafin samfurin da wani suna daban. Daga nan a tilasta wa manhajar ta sake gina samfurin gaba ɗaya, ba sassan da take ganin sun canza kaɗai ba. A SolidWorks ana yin haka da Ctrl+Q, domin Ctrl+B abin da ya canza kawai yake sake lissafawa. A Inventor umarnin shi ne Rebuild All. Wani lokaci kuskuren yana ɓacewa a nan, wani lokaci kuma wasu da suke ɓoye suna bayyana.

Sai a duba jerin tarihin samfurin, wato jerin siffofinsa bi da bi yadda aka gina su, daga sama zuwa ƙasa, a nemo siffa ta farko da take da alamar kuskure. Ita kaɗai za a kula da ita a yanzu, saboda siffofin da ke ƙasa da ita sun dogara ne da ita, kuma sau da yawa kuskuren da suke nunawa gadonsa suka yi daga gare ta. A ja sandar komawa baya, wato layin da ke ƙarshen jerin wanda yake dakatar da siffofin da ke ƙasa da shi, zuwa ƙarƙashin wannan siffa, a buɗe bayanin kuskuren ta What's Wrong a SolidWorks ko Design Doctor a Inventor, a karanta shi har ƙarshe. Saƙon yakan nuna ɗaya daga cikin abubuwa uku: an rasa madogara, ko sharuɗɗan zanen sun ci karo da juna, ko zanen lafiya yake amma an kasa fitar da yanka ko tudu daga gare shi.

Mataki na biyu: laifin na asalin fayil ne ko na wurin da aka saka shi?

A buɗe sabon fayil, a yi murabba'in farantin ƙarfe wanda ba shi da wani ado, a saka siffar a kansa. Idan ta lalace a nan ma, matsalar tana cikin asalin fayil ɗin, kuma duk gyaran da aka yi a samfurin aiki ɓata lokaci ne, domin za ta sake dawowa a samfuri na gaba. Idan ta zauna lafiya, to a maimaita gwajin a fuskar gefe, sannan a fuskar da ta karkata. Siffar da ta yi aiki a fuskar sama amma ta ƙi a fuskar gefe ta riga ta nuna cewa akwai wani sharaɗi a cikinta da ya ɗaure ta da alƙiblar tsohon samfurin.

Mataki na uku: a ƙirga 'yancin motsin zanen

Wannan mataki ya cancanci a yi shi a tsanake, domin shi ne yake bayyana abin da launukan allo suke nufi. Kowane abu a zane yana da adadin hanyoyin da zai iya motsawa ko canzawa. Ɗigo yana da biyu, da'ira tana da uku, miƙaƙƙen layi yana da huɗu, baka kuma yana da biyar. Kowane sharaɗi ko awo da aka ƙara yana cinye wasu daga ciki. Idan aka tsayar da surar zane gaba ɗaya ta yadda ba ta miƙewa ba ta lanƙwasa, hanyoyi uku ne suke saura: zamewa dama ko hagu, zamewa sama ko ƙasa, da juyawa. Zanen da za a maimaita amfani da shi ya kamata ya kasance a wannan hali daidai, a bar waɗannan ukun ga madogarar da za a ba shi a sabon wuri.

A ɗauki misalin tsaga mai tsawon milimita 40 da faɗin milimita 10, wadda aka yi da layi biyu da baka biyu. Layukan suna da hanyoyi 8, bakunan suna da 10, jimilla 18. Haɗa bakin kowane layi da bakin baka a wurare huɗu yana cinye 8, saura 10. Sharaɗin cewa layi ya shiga baka ba tare da karyewa ba, a wuraren nan huɗu, yana cinye 4, saura 6. Daidaita girman bakunan biyu yana cinye 1, awon tsawo da na faɗi kuma su cinye 2. Abin da ya rage uku ne cif, kamar yadda ake so.

Daga wannan lissafi ana iya ganin kurakurai biyu da suka fi yawa. Na farko shi ne sharaɗin da ya maimaita abin da aka riga aka faɗa. Idan wani ya ƙara cewa layukan nan biyu su tafi a jere da juna, bai ƙara komai ba, domin daidaita bakunan da shigar layi ba karyewa sun riga sun tabbatar da haka. Wasu manhajojin suna haƙuri da irin wannan maimaici muddin awo bai canza ba, sai ranar da aka saka siffar da wani girma daban su ce zanen ya cika sharuɗɗa. Na biyu, wanda ya fi ɓoyewa, shi ne sharaɗin kwance ko tsaye da manhajar take saka wa layi da kanta a lokacin da ake zana shi. Wannan sharaɗi ɗaya yana cinye hanyar juyawa, saura biyu. Tsagar za ta yi aiki har zuwa lokacin da aka nemi a daidaita ta da gefen da ya karkata da digiri 30, a nan sharaɗin kwance da sabuwar madogara su yi karo.

Launuka suna taimakawa wajen gano inda ake. A SolidWorks shuɗi yana nufin akwai sauran motsi, baƙi yana nufin an tsayar da abin gaba ɗaya, ja ko rawaya kuma alamar karo ce ko abin da aka kasa warwarewa. Ana kuma ganin alamar ragewa a gaban sunan zanen da bai cika ba, da alamar tarawa a gaban wanda ya wuce kima. A CATIA fari ne mai sauran motsi, kore ne cikakke, shunayya kuma mai sharuɗɗa fiye da kima. FreeCAD yana rubuta adadin hanyoyin da suka rage, zanen kuma ya koma kore idan sun ƙare, shi ma Inventor yana nuna adadin awon da ake buƙata a ƙasan allo. Hanya mafi sauƙi ta ganin motsin da ya rage ita ce a kama ɗigo da linzami a ja shi, a lura da abin da ya biyo.

Gyaran shi ne a buɗe jerin sharuɗɗan zanen, wanda a SolidWorks yake ƙarƙashin Display/Delete Relations, a cire duk sharaɗin kwance da tsaye, a zana layin taimako ta tsakiyar siffar, sannan a ɗaure sauran layukan da shi ta hanyar jeruwa ko kusurwar digiri 90. Layin taimakon ne kaɗai za a daidaita da wani abu na waje. SketchXpert na SolidWorks yana iya kawo shawarwarin sharuɗɗan da za a cire, amma lissafi kawai yake yi, bai san nufin mai zane ba, don haka a duba kowace shawara kafin a karɓa. Akwai kuma sharaɗin Fix da yake kafe abu a inda yake. Yana mayar da zane baƙi nan take, shi ya sa yake da jan hankali ga mai gaggawa, amma a zanen da za a kai wani wuri gyaran gangar Auzinawa ne, domin ya kafe ɗigon ne a wurin da ba shi da wata ma'ana a sabon samfuri.

Mataki na huɗu: a bi madogara ɗaya bayan ɗaya

Awo ko sharaɗin da ya rasa abin da ya jingina da shi yakan fito da ruwan ƙasa a SolidWorks, kuma ana iya tace jerin sharuɗɗa a nuna irinsu kaɗai. Yawanci ba sai an goge shi ba, ana iya jan hannunsa a ɗora a kan sabon gefe, ko a yi amfani da umarnin musanyawa. Amma kafin a yi haka ya kamata a tambayi dalilin da ya sa madogarar ta ɓace, in ba haka ba za ta sake ɓacewa.

Dalili mafi yawa shi ne an ɗora awon a kan gefen da wata siffa ta baya ta cinye. Idan aka auna tsagar daga kaifin gefen faranti, daga baya wani ya koma sama a jerin tarihi ya zagaye wannan gefe, gefen da aka auna daga gare shi babu shi kuma, abin da ke wurin lanƙwasasshiyar fuska ce mai sababbin gefuna biyu. Irin wannan yana faruwa idan wani yanka ya raba fuska ɗaya gida biyu. Manhaja tana gane fuskoki da gefuna ta sunayen da take ba su a ciki, kuma idan yawansu ya canza sunayen suna iya sauya wuri. Masu amfani da FreeCAD sun daɗe da sanin wannan, inda zanen da aka ɗora a fuskar da manhajar ta kira Face6 yakan tsinci kansa a wata fuska daban bayan an ƙara rami a baya. Sigar 1.0 da ta fito a watan Nuwamba na 2024 ta rage wannan matsala sosai, amma babu wata manhaja da ta kuɓuta daga gare ta gaba ɗaya. Abin da ya fi aminci shi ne a jingina siffa da shimfiɗun asali na samfuri, wato shimfiɗu ukun da manhaja take fara kowane fayil da su, ko da shimfiɗa da layin da aka ƙirƙira don wannan aiki, sannan a bar zagaye gefuna zuwa ƙarshen jerin tarihi.

Dalili na biyu shi ne yawan madogara. A buɗe asalin fayil ɗin a ƙirga abubuwan da yake nema a lokacin sakawa. A SolidWorks suna cikin folda mai suna References, a Inventor suna cikin jerin Position Geometry, a CATIA kuma su ne abubuwan shigarwa na PowerCopy. Ga tsaga irin ta misalinmu, fuska ɗaya da gefe biyu sun isa, ko fuska da ɗigo da layin alƙibla. Idan aka ga tana neman shida ko bakwai, to wasu sun shigo ne ba da niyya ba, galibi saboda linzami ya manne da tsakiyar wani gefe ko da cibiyar samfuri a lokacin zane. Ɗaurewa da cibiyar samfuri ita ce ta fi ban haushi, domin siffar takan tsallake daga inda aka ajiye ta ta koma can, ko ta ƙi motsi sam. A goge waɗannan, a sauya wa waɗanda suka rage suna zuwa abin da mutum zai fahimta, kamar gefen tsawo da gefen faɗi, saboda Edge1 da Edge2 ba sa gaya wa kowa wanda zai fara zaɓa, kuma musanya su yana juya siffar da digiri 90 ko ya jefa ta wajen faranti.

A CATIA akwai wani abu na musamman da ya kamata a duba. Zanen da aka fara ta hanyar da aka saba yana ɗaukar cibiyarsa da layukansa na H da V, wato na kwance da na tsaye, daga cibiyar samfuri, don haka idan za a yi PowerCopy ya fi kyau a yi amfani da Positioned Sketch, inda mai zane ne yake faɗar cibiya da alƙibla daga abubuwan da za a nema a lokacin sakawa.

Mataki na biyar: idan siffar ta kife ko ta juya baya

Wani lokaci babu alamar kuskure ko ɗaya, amma tsagar ta fito a ɗaya ɓangaren gefen, ko bakunanta sun lanƙwasa ciki maimakon waje. Dalilin shi ne awo nisa yake faɗa, ba ya faɗar ɓangare. Ɗigon da yake milimita 20 daga gefe yana iya zama a dama ko a hagu, duka biyun sun cika sharaɗi, kuma injin lissafin manhajar yakan zaɓi amsar da ta fi kusa da inda zanen yake a lokacin. Idan aka canza tsawo daga 40 zuwa 400 a tashi ɗaya, ko aka sa faɗi ya fi tsawo, amsar da ta fi kusa tana iya zama kifaffiya.

A samfurin aiki, a mayar da awon yadda yake, a ja zanen da hannu zuwa kusa da inda ake so, sannan a ƙara girman a hankali, mataki biyu ko uku. A duba kuma kibiyoyin alƙibla da suke fitowa a kan madogara a lokacin sakawa, domin danna ɗaya daga cikinsu yakan warware matsalar. A asalin fayil kuwa, a auna daga layin tsakiya, a yi amfani da sharaɗin daidaiton ɓangare biyu, a kuma ɗaure awo da juna ta lissafi inda ya dace, misali nisa tsakanin cibiyoyin bakunan ya zama tsawo a cire faɗi. A Inventor ana iya sa wa awon iFeature iyaka ko jerin ƙimomin da aka yarda da su, wannan kuwa yana hana a shigar da lambar da za ta kifar da zanen tun farko.

Mataki na shida: zanen da bai rufe ba, da rikicin ma'auni

Zanen da aka shigo da shi daga fayil ɗin DXF ko DWG, nau'o'in fayil ɗin zane na wasu manhajoji, yakan zo ba tare da sharaɗi ko ɗaya ba, kuma yakan ƙunshi ƙananan giɓi da ido ba ya gani, da layuka biyu a kan juna, da guntayen layi masu tsawon da bai kai komai ba. Check Sketch for Feature da Repair Sketch a SolidWorks, Sketch Doctor a Inventor, Sketch Analysis a CATIA da Validate Sketch a FreeCAD duk suna nuna irin waɗannan wurare. A ra'ayina, idan siffar ba ta wuce layuka goma ko makamancin haka ba, ya fi sauri a sake zana ta a kan wadda aka shigo da ita, sannan a goge tsohuwar.

Idan kuma siffar ta fito ƙatuwa ko ƙanƙanuwa fiye da kima, a ɗauki girmanta da wanda ake tsammani a raba babban da ƙaramin. Amsar 25.4 tana nufin an karanta milimita a matsayin inci ko akasin haka, ta yadda tsagar milimita 40 ta zama 1016. Lambobin da aka rubuta tsirara a cikin lissafin awo su ma suna iya jawo haka, don haka a rubuta ma'auninsu tare da su.

Mataki na bakwai: zane lafiya, amma yanka ya ƙi fitowa

A nan abubuwa uku ake dubawa. Alƙiblar yanka tana iya fuskantar waje, inda babu ƙarfen da za a cire, sai a juya ta. Zurfin yanka yana iya zama ya dogara da wata fuska da sabon samfurin ba shi da ita, ko kuma an rubuta milimita 6 alhali sabon farantin kaurinsa 8 ne. Ga siffar da ake so ta huda faranti, zaɓin ratsawa gaba ɗaya ko zuwa fuska ta gaba ya fi dacewa, amma a kula kada ratsawar ta huda wani bango da ke bayan farantin. Na uku shi ne inda bakin tsaga ya shafi gefen faranti a ɗigo ɗaya tak, wanda yake haifar da wuri marar kauri da SolidWorks da makamantanta suke ƙin ginawa. A matsar da siffar ciki ta bar nama, ko a fitar da ita ta yanke gefen sosai.

Mataki na takwas: alaƙa da asalin fayil

Idan an gyara asalin siffa amma samfuri bai canza ba, ko ya canza alhali ba a so, to batun alaƙa ne. A SolidWorks zaɓin Link to library part ne yake sa kwafi ya riƙa bin asali, kuma muddin yana kunne ba a gyara siffar daga cikin samfuri. Alamomin da ke bayan suna a jerin tarihi suna faɗar halin madogarar waje: kibiya kaɗai tana nufin alaƙar tana aiki, kibiya da alamar tambaya tana nufin fayil ɗin da ake dogaro da shi ba a buɗe yake ba, kibiya da tauraro an kulle, kibiya da x kuma an yanke. A Creo, UDF ɗin da aka adana a matsayin Subordinate yana buƙatar samfurin da aka ciro shi daga ciki ya kasance a inda za a same shi, yayin da Standalone yake ɗauke da bayanansa. Sauya sunan folda ko matsar da ita ya isa ya karya alaƙa, don haka a duba jerin wuraren fayil a saitin manhajar. A tuna kuma cewa fayil ɗin da aka adana da sabuwar siga galibi ba ya buɗuwa don gyara a tsohuwa, sannan samfurin da ya zo ta STEP, nau'in fayil na musayar samfuri tsakanin manhajoji, ba shi da tarihi ko zane a cikinsa, fuskoki ne kawai.

Mataki na tara: a mayar da gyaran asali, a gwada shi

Duk abin da aka gano a matakan baya, a gyara shi a asalin fayil ɗin. A raba awon gida biyu: na wuri, wanda za a nema a kowace sakawa, da na ciki, wanda bai kamata kowa ya taɓa ba. SolidWorks yana da foldar Locating Dimensions da ta Internal Dimensions don wannan. Bayan haka a sake gwajin farantin nan na mataki na biyu a fuskar sama da ta gefe da karkatacciya, da awo mafi ƙanƙanta da mafi girma da ake sa ran amfani da su, a saka siffar sau biyu a samfuri ɗaya don a ga ko sunayen awonta suna karo, sannan a canza kaurin farantin a sake gini. Idan fayil ɗin yana da alaƙa da tsofaffin samfura, a adana gyararren da sabon suna ko lambar siga, a buɗe biyu ko uku daga cikin tsofaffin a gwada shi a kansu kafin a maye gurbin na farko, domin cire madogara ɗaya daga asali yana iya sa duk samfuran da suke bin sa su nemi a sake zaɓar musu madogara.